Maimunatu Mai Ƙamshi da Tarin Malam

A unguwar Ali Kazaure, idan baƙo ya tambayi gidan Malam Musaddiq tela, sai an ɗan yi tunani kafin a ba shi amsa. Amma da ya ce gidan Maimunatu Mai Ƙamshi yake nema, nan take za a nuna masa lungun, a ce ya shiga kawai, hancinsa zai gaya masa ƙofar. Gidan kuwa ɗaya ne. Malam Musaddiq ne ya gaje shi daga mahaifinsa, wanda ya zo Jos haƙar kuza tun yana saurayi, amma sunan matar ne ya bi gidan, shi kuma maigidan bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Maimunatu gajeriya ce mai jiki, mai saurin magana da saurin dariya, irin matan da ba sa iya zama hannu sake. A hannun kakarta ta tashi, wata tsohuwa 'yar Barno da aure ya kawo Jos, kuma a wajenta ta koyi haɗa turaren wuta. Tun ba ta kai ta ɗaga taɓarya da kyau ba take daka kajiji, tana wanke farcen turare, tana tsaye a kan tukunya ana narka sukari a zuba wa itacen sandal. Tsohuwar takan ce mata mace ba ta barin ɗakinta ba ƙamshi, ko da kuwa ba ta da abin ɗorawa a murhu. Maimunatu ta riƙe wannan magana kamar karatun allo. Da aka kai ta gidan Malam Musaddiq, kaskon turarenta ta fara nema a cikin kaya kafin ta tambayi inda randa take.

Sana'ar ta karɓe ta. Amare daga Gangare, Rikkos da Nasarawa duk wajenta ake kawo su. Da zamani ya juya, itacen sandal na gaske ya yi wuyar samu, sai madarar turare ta kamfani ta shigo kasuwa a cikin jarkoki, mai ƙarfi, mai kama jiki, ɗigo kaɗan ya cika ɗaki. Wadda take kawo mata ita ce Ugomma, wata Inyamurar 'yar kasuwa mai shago a Kabong, wadda suka san juna tun suna goyon 'ya'yan fari. Maimunatu na kiranta Maman Chi, saboda ɗanta Chiemerie, ita kuma tana kiran Maimunatu Hajiya tun kafin ta je Makka. Ugomma ta iya Hausa sosai, sai dai ba ta taɓa damuwa da bambanta mace da namiji ba, kowa a wajenta “kai” ne. Ko a shekarun da garin ya rikice, mutane suka rage shiga unguwannin juna, su biyun ba su yanke zumunci ba. Idan hanya ba ta biyuwa, sai su yi ta hira a waya.

Duk sabon abin da Ugomma ta ɗauko daga Anacha, a gidan Maimunatu ake fara gwada shi. Akwai gwangwanin feshi na falo, akwai na banɗaki. Akwai ruwan ƙamshi na goge daɓe, da wani na ɗauraye tufafi. Akwai kafur a kowane lungu na durowa. Daga baya har wata 'yar na'ura aka kafa a bango, wadda take feshi da kanta, ta yi “fis” mutum na tsakiyar magana. Duk wannan ban da turaren wutar safe da na yamma, da kabbasa da ake kifawa a kan kasko a lulluɓa mata kayan sawa su sha hayaƙi. Sanyin Jos kuwa ya koya wa mutane rufe taga, don haka abin da aka fesa yau yakan tarar da na jiya a ɗaki.

Malam Musaddiq mutum ne siriri, mai sanyin hali, wanda ba ya ɗaga murya ko a kan almakashinsa da ya ɓata. Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya bar shagon kasuwa, ya dawo da kekensa na ɗinki zauren gida. A nan ne tarin ya fara. Da farko ɗan gyaran murya ne, daga baya ya zama tari mai tsawo, wanda in ya kama shi sai ya dafa keke, ƙirjinsa na fito kamar an hura usur. Kowa ya ce sanyi ne. Maimunatu ma haka ta ce, ta kuma tashi tsaye. Ta dafa masa citta da kanumfari, ta nemo zuma mai kyau, ta saƙa masa hular sanyi. Ta toshe kafofin taga da tsumma, ta ƙara garwashi a kasko don ɗaki ya yi ɗumi, in ta ga garwashi kuma hannunta ba ya iya haƙuri sai ya barbaɗa turare.

Sai Malam ya tsiri wata ɗabi'a. Da ya dawo daga masallaci, maimakon ya shiga ciki, sai ya ja benci ya zauna a ƙofar gida, ya ƙudundune cikin bargo, iska na kaɗa shi. Abincinsa ma a can yake so a kai masa. Wannan ya sosa wa Maimunatu rai fiye da yadda ta nuna.

“Malam, wai me na yi maka ne?” ta tambaye shi wata rana, tana tsaye a bakin zaure da kwano a hannu. “Mai tari ne zai zauna a cikin wannan iska? Ko hirata ce ta gundure ka?”

“Haba Maimuna,” ya ce yana murmushi. “Ina kallon masu wucewa ne kawai.”

Ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi, ta koma ciki. Ranar har da ƙwallarta, amma ba ta bari ya gani ba.

Ana nan sai babbar 'yarsu Rahma, wadda ke aure a Azare, ta haihu. Maimunatu ta haɗa kaya ta tafi zaman jego, ta bar gidan a hannun autarsu Fatimatuzzahra, wadda a lokacin take shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Fatimatuzzahra ba ta gaji uwarta a son turare ba. Ga karatu, ga girki, ba ta da lokacin hura garwashi. Na'urar bango ta ƙare ruwanta, ba wanda ya sake mata. In ta yi shara takan buɗe tagogi ta manta ba ta rufe ba. Duk lokacin da Maimunatu ta bugo waya, sai ta ji muryar Malam garau.

“Jikin da sauƙi sosai,” yake ce mata. “Jiya ma har Farin Gada na taka da ƙafa na sayo mana kabeji da karas.”

Ta yi hamdala, ta ce zumar nan ce ta fara aiki.

Ranar da ta dawo, da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakiyar falo tana yamutsa fuska. “Wannan gidan nawa ne kuwa? Sai ka ce ɗakin gwauraye!” Kafin azahar ta hura kasko biyu, ta feshe labule da kujeru, ta goge daɓe, ta cika na'urar bango, ta ja tagogi ta rufe. Malam ya shigo da fara'arsa yana yi mata sannu da zuwa, ya zauna ya ci tsarabar da ta kawo, yana tambayar lafiyar jariri. Bai tashi ya fita ƙofar gida ba, don ya yi kewarta. Da aka kira la'asar ya miƙe zai yi alwala, sai numfashinsa ya sarƙe. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana jan iska ba ta shiga, leɓɓansa suka canza launi. Maimunatu ta fita lungu ba takalmi tana kiran maƙwabta, aka samu Keke Napep aka garzaya da shi asibiti.

Bayan an sa masa abin shaƙa numfashin ya daidaita, likitar, wata mata mai natsuwa, ta zauna tana yi musu tambayoyi. Ta ce ciwon asma ne, kuma akwai abubuwan da ke tayar da shi. Yana shan taba? A'a. Akwai kyanwa ko kaji a ɗaki? Babu. To me ake amfani da shi a gidan na ƙamshi? Nan Maimunatu ta gyara zama, don an zo fagenta. Ta shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har da bayanin wanda ya fi daɗewa a jikin labule. Tana cikin magana ta lura likitar ta daina rubutu, Fatimatuzzahra ta sunkuyar da kai, Malam kuma ya juya fuskarsa bango. Muryarta ta yi ƙasa da kanta har ta yi shiru.

“Hajiya, ba laifinki ba ne,” in ji likitar. “Mutane da yawa ba su san haka ba. Wani zai shaƙi waɗannan abubuwa bai ji komai ba, wani kuma ƙirjinsa ba ya ɗauka. Magani zai taimaka masa, amma in ya koma cikin feshi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, za ku sake dawo mini da shi.”

Da suka rage su biyu a ɗakin, Maimunatu ta daɗe tana kallon hannayenta. Ko a lokacin ƙamshin madarar turare na tashi daga yatsunta.

“Malam, ka sani?”

“Na daɗe ina zargi.”

“Shi ya sa kake zama a waje.”

Ya gyaɗa kai.

“To me ya hana ka gaya mini? Ka bar ni ina ta hura maka abin da ke shaƙe ka?”

“Gadon kakarki ne, Maimuna. Na ga yadda fuskarki take in baƙi suka shigo suka ce gidan nan da ƙamshi yake. Na ɗauka zan iya jurewa.” Ya ɗan yi tari, ya ƙara da cewa, “Kuma ni ma ina son ƙamshin nan. Ƙirjina ne ba ya so.”

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Da ta gama kukanta ta share ido, ta ce masa in ya sake ɓoye mata irin wannan, sai ta kai ƙararsa wajen yayarsa. Ya yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a bar shi ya huta.

Washegari da safe ta kira Ugomma ta gaya mata komai. Tana ɗan jin nauyin maganar, don Ugomma ba ta da mai sayen kaya kamar ta. Ugomma ba ta bari ta ƙarasa ba. “Hajiya, kai tsaya nan, ina zuwa.” Kafin rana ta yi tsaka ta iso da buhuna da ɗaurin zani a ƙugu. Su uku da Fatimatuzzahra suka kwashe gwangwanaye da jarkoki, suka ɓalle na'urar bango, suka zazzage kafur daga durowa. Aka sauke labule, aka fitar da katifu da matasan kai tsakar gida suka sha rana. Kafet ɗin falo, wanda ya shekara da shekaru yana shan feshi, sai da aka naɗe shi aka fitar gaba ɗaya. Suka wanke bango da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi. Ugomma tana dirzar ƙofa tana mita.

“Ni ne na kawo duka wannan kaya. Da na sani, da ban kawo ba. Oga mutum mai kirki, ko sau ɗaya bai taɓa ɓata mini rai ba.”

“Ke kika kawo, ni na fesa,” in ji Maimunatu. “Riƙe can mu ɗaga kujerar nan.”

Malam ya dawo gida daga asibiti ya tarar da falo fayau, tagogi a buɗe, hasken rana har kan daɓe. Ya zauna, ya ja numfashi a hankali, bai yi tari ba.

Sai dai barin abin da mutum ya tashi a cikinsa ba ya zuwa da sauƙi. Maimunatu ta ji gidan ya zame mata kamar na wani. Hancinta ya fara jiyo abubuwan da da turare ke rufewa: daddawa daga kicin, kananzir, kwatar lungu in an yi ruwa. In aka yi sallama sai ta ji kunyar baƙi ta kama ta. Wata rana ta shawo kan kanta cewa ai kayan kamfani ne matsalar, na gargajiya ba ya cutarwa. Ta haɗa turare irin na kakarta, sandal da kajiji zalla, ba ɗigon madara, ta ɗora kaɗan a garwashi. Kafin hayaƙin ya gama bajewa ta ga hannun Malam ya tafi aljihu yana laluben abin shaƙar da likita ta ba shi. Ta ɗauke kaskon da gudu ta juye masa ruwa. Likita ta faɗi maganar hayaƙi tun a asibiti, ita ce ta yi kamar ba ta ji ba. Daga ranar garwashin turare bai sake shiga ɗakin ba.

To da yake ba mai zama ba ce, sai ta mayar da ƙarfinta wajen tsafta. Ta gane cewa yawancin warin da take rufewa da feshi, ana iya raba gida da shi tun daga tushe. Ta sa aka gyara kwatar, aka yi mata murfi. Shara ba ta kwana. Kayan shimfiɗa suna fita rana duk mako. Tagogi kuwa da hantsi ake buɗe su, ko ana sanyi, Malam ya sa rigarsa mai kauri ya zauna yana ɗinki. In ta soya kifi sai ta goge wurin da lemon tsami. Ba a daɗe ba ta lura da wani abu a jikinta ita ma: ciwon kan da ya addabe ta shekaru, wanda take ɗaure kai da ɗankwali saboda shi tana cewa hawan jini ne ke neman kama ta, ya ragu ƙwarai. Ba ta gaya wa kowa ba sai Ugomma, ita ma sai da ta sa ta yi alkawarin ba za ta yi mata dariya ba.

Sana'ar ba ta mutu ba, gida kawai ta bari. Ta kama wani ɗan shago a bakin titi, mai ƙofa biyu, iska na ratsawa. A can take haɗi, a can take sayarwa. Tana da rigar aiki da ke kwana a shagon, in ta dawo kuma sai ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta shiga wajen Malam.

Babbar jarrabawa ta zo ne da bikin Fatimatuzzahra. Duk unguwa an zuba ido a ga yadda Mai Ƙamshi za ta aurar da autarta. Mata sun yi tsammanin hayaƙi zai tashi har a hango shi daga titi. Maimunatu ta tsaya da kanta a bakin zaure, ta ci ado, tana tarbar baƙi tana roƙonsu da fara'a kada wadda ta fesa komai a cikin gida. Kamu, inda dangin ango ke feshe amarya da turare, a filin maƙwabta aka yi shi, a sarari. Wata tsohuwar ƙawarta ta ja ta gefe.

“Maimuna, me ya same ki? Mutane fa na magana. Ana cewa ko karayar arziki ce.”

“Su yi ta yi,” in ji ta. “Kin ga wancan?” Ta nuna Malam, wanda ke zaune a cikin falonsa da babbar riga, abokansa kewaye da shi, yana ba da labari yana dariya. “Bara war haka a kan benci yake a waje kamar mai gadi. Yau a ɗakinsa yake karɓar gaisuwar bikin 'yarsa. Duk mai son ƙamshi ta same ni a shago.”

Da za a kai amarya, ta ba ta 'yar kwalbar turaren wuta guda ɗaya, haɗin kakarta, ta ce ta riƙa sa kaɗan, taga a buɗe, in Allah ya kawo haihuwa kuma ta nisanta shi da jariri. Ta ƙara da cewa ta riƙa lura da mijinta, don akwai mazan da ba sa faɗin abin da ke damunsu. Dangin ango sun ɗan yi gunaguni cewa 'yar Mai Ƙamshi guda aka kawo da kwalba ɗaya, amma maganar ba ta yi nisa ba.

Har yanzu Maimunatu na nan a shagonta. Masu saye sun san halinta: kafin ta miƙa kaya sai ta tambaya ko akwai mai asma a gidan, ko tsoho, ko jariri. In aka ce akwai, sai ta rage abin da aka nema, ta ɗora da dogon bayani. Wasu sun gaji sun koma wani wajen, wasu kuma saboda hakan suke zuwa. Ugomma ta ware kanta guda a shagonta na Kabong don sabulu marar ƙamshi, tana gaya wa kowa cewa Hajiya ce ta sa ta.

Malam Musaddiq bai rabu da asma ba, abin shaƙarsa na aljihu kullum, amma yakan daɗe bai taɓa shi ba. Ya koma karɓar ɗinkin Sallah. Da yamma, in zai je sayen zare, hanyarsa takan bi ta gaban shagon matarsa. Ba ya tsallakowa, don ta hana shi. Sai ya tsaya a ɗaya gefen titin, ya ɗaga murya iyakar yadda sanyin halinsa ya bari.

“Mai Ƙamshi, ya kasuwa?”

“Malam, wuce mana! Iskar nan wajenka take kaɗawa!”

“To me za a ci yau?”

“Gwate ne. Ka biyo mini da yakuwa in za ka dawo.”

Sai ya gyara hularsa ya wuce, ita kuma ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo ta tambayi mai saye inda suka tsaya.